Na Kwaikwayi Baffan Matata a Fim, Aka Hana Gonata Ruwa

Edita, assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, abin da ya riƙe ni shi ne mutanen da abin ya shafa duk suna raye, muna haɗuwa a masallaci da kasuwa da wajen jana'iza. Don haka ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa, kuma ba zan faɗi sunan fim ɗin ko na bikin ba.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, manomin rani ne ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da matata da 'ya'yanmu uku. Karatuna a sakandare ya tsaya. Gonar da na gada wajen mahaifina tana can ƙarshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, inda ruwa ba ya isowa sai kowa ya sha ya ƙoshi. Da damina in yi shinkafa, da rani in yi tumatir ko albasa, kamar kowa. Abu ɗaya ne ya bambanta ni da sauran, na iya kwaikwayon mutane. Tun ina makaranta haka nake. In muka zauna a teburin mai shayi da safe, sai in zama dillalin tumatir yana rantsuwa cewa kasuwa ta faɗi a Kudu, ko in zama malamin gona yana bayanin taki da Turancin da shi kansa bai gama ganewa ba. Mutane su yi ta dariya har shayi ya huce. Ina jin daɗin wannan dariya fiye da yadda ya kamata, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ake yi wa dariyar ba.

Mutumin da wannan labari ya rataya a kansa Baffan matata ne, ƙanin mahaifinta. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar shekara shida bayan rasuwar mahaifinta, shi ya ba ni aurenta, kuma bai tsawwala mini a komai ba. Wannan ba zan ɓoye ba. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar manoman sashenmu. Ga wanda bai san noman rani ba, hukuma ce ke sako ruwa a babban kanal, daga nan akwai wata ƙofar ƙarfe mai kwaɗo da ke raba shi zuwa layukan gonaki, kowane layi da ranarsa. Makullin wannan kwaɗo a aljihun Baffa yake fiye da shekara goma. A shekarun nan ranar 'yan ƙarshen kanal ta riƙa gajarcewa. A buɗe mana da hantsi, kafin azahar an rufe, ruwan ya koma manyan gonakin wasu alhazan birni da ke can sama. Kowa ya san buhunan taki da na shinkafa da ake saukewa a zauren Baffa ba gaisuwa ba ce kawai. In ka je ka yi ƙorafi, yana da wata al'ada. Sai ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar, sannan ya ce maka ai ruwa na Allah ne. Duk wanda ya ga an cire hular ya san ba gaskiya za a faɗa masa ba. Ban da wannan, Baffa yana ɗingishi. Ƙafarsa ta hagu ta karye tun yana saurayi ɗan leburanci, tirelar tarakta ta danne shi, aka ɗora ba ta zauna daidai ba, yana jan ta in yana tafiya.

Wata shekara da rani 'yan fim suka zo daga Kano da motoci biyu, za su ɗauki labarin wani matashi da ya dawo gida noma ya tarar ana sayar da ruwan talakawa. Sun zo da wanda zai fito a matsayin shugaban manoma, bos ɗin fim ɗin ke nan, amma mutumin in ya buɗe baki sai ka rantse manajan banki ne. Kwana biyu darakta yana ta sake ɗauka yana tsaki. A rana ta uku mai shayi ya nuna ni ya ce ga wanda zai yi musu. Darakta ya kira ni gefen kanal, ya ba ni layi biyu na abin da zan faɗa, ya ce kada in damu da takarda, in yi yadda na san irin waɗannan mutane suna yi. Shekara ɗaya kafin nan albasata ta ƙone saura kwana kaɗan ta nuna, na je wajen Baffa har sau uku yana cire mini hula. Abin yana raina, ban huce ba. Sai kawai na cire hulata, na leƙa ciki, na mayar, na ce ruwa na Allah ne. Darakta ya ce shi ke nan ya samu. Da a nan na tsaya da ba ni da abin da zan rubuto muku a matsayin kuskure. Amma da na juya zan tafi, na ji suna dariya, sai na ƙara musu, na ja ƙafata ta hagu. Mai kyamara har ya zauna a ƙasa don dariya. Darakta ya ce wannan tafiya kada in sake ta har a gama fim. Tun a lokacin na san ba daidai na yi ba, amma na haɗiye.

Mako biyu muka yi muna aiki. A gida na gaya wa matata cewa ni ne shugaban manoma a fim ɗin, ta yi dariya ta ce ashe zan ɗana sarauta. Ban gaya mata yadda nake yin shugaban ba. Da fim ya fito wasu a gari sun kalla a waya, aka yi 'yan gulmace-gulmace, aka kalle ni aka yi murmushi, maganar ta lafa. Baffa ba ya kallon fim, na ɗauka an wuce wurin.

Bayan wata bakwai ko takwas, ina cikin gona tumatirina ya fara fure, darakta ya kira ni a waya yana ta murna. Ya ce masu shirya babban bikin karrama 'yan fim na shekara sun fitar da sunayen waɗanda za su yi takara, kuma ina cikin mutum biyar da aka ware a rukunin gwarzon mataimakin jarumi. Sauran huɗun duk mutanen da na taso ina kallo ne. Na zauna a kan kunyar gona ina kallon laka a ƙafafuna. A ranar aka karanta sunana a rediyo, aka ce manomi ne daga yankin Kura, fitowarsa ta farko ke nan. Abin da ban sani ba shi ne kowane ɗan takara ana yanko ɗan guntun fitowarsa a watsa don mutane su gani. Nawa bai kai minti biyu ba. Wata bazawara tana roƙon a ba gonarta ruwa, ni kuma na cire hula, na leƙa, na faɗi maganata, na juya ina jan ƙafa. Kafin kwana uku babu wayar da guntun nan bai shiga ba daga Kura har Garun Malam. Wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya gani. Samari suka fara cire huluna suna leƙawa in Baffa zai wuce. Yara kuma suka ɗauki ɗaya ɓangaren, su jeru a bayansa suna jan ƙafa tun daga masallaci har ƙofar gidansa. Dattijo mai furfura, mai jikoki.

Matata a gidan suna ta gani, a wayar wata maƙwabciya, mata sun kewaye ana ta shewa kafin su tuna ko 'yar wa ce a tsakaninsu. Ta dawo, ta kawo mini tuwo, ta jira na ci na wanke hannu. Sannan ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Malam, hular na gane, kuma ba zan ce ka yi ƙarya ba, don a gidan na tashi. Amma ƙafar fa? Da wannan ƙafar ya goya ni har bakin titi lokacin da na yi ƙyanda, babu mota babu babur." Na ce mata darakta ne ya sa ni. Ta dube ni ta ce darakta bai taɓa ganin Baffa ba. Washegari da safe ta goya ƙaramar 'yarmu ta tafi gidansu. Ta ce ba yaji ta yi ba, amma ba za ta iya zama tana dafa mini abinci ba alhali ana bin ubanta da ɗingishi a titi.

A makon nan ranar layinmu ta zo ba a buɗe ƙofar ruwa ba. Aka ce makulli ya ɓata. Mako na biyu aka ce ana yashe kanal saboda ciyawar kachala ta toshe shi, alhali muna ganin ruwa yana malala a gonakin sama har yana zuba a hanya. Mu bakwai ne a layin, kuma duk tumatir muka yi. Wanda ya san tumatir ya san in ya rasa ruwa yana fure, furen zubewa yake yi, sai ka tashi da ganye. Mutanen da muka shekara goma muna kuka tare, waɗanda suka fi kowa dariya da suka ga hular, su suka fara juya mini baya. Ɗaya ya tare ni a hanya ya ce in na samu kyautar tawa in kawo ya ba 'ya'yansa su ci. Ban ga laifinsa ba. Mutum ɗaya ne bai canza mini fuska ba, wani dattijo Kirista da gonarsa ke jikin tawa, wanda iyayenmu suka yi noma kafaɗa da kafaɗa. Yana da 'yar rijiyar burtsatse da ƙaramin inji, ya ce in ja tiyo in ceci abin da zai cetu. Rijiyar ba ta isar mutum biyu, fangali kaɗan muka tsira da su ni da shi. Yana riƙe da tiyo ya ce mini abin da na nuna a fim gaskiya ne, sun daɗe suna haɗiye shi, amma in yi tunani ko duka abin da na nuna ne ya kamata a nuna. Na yi kamar ban ji ƙarshen maganar ba.

Ana haka dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da zaure cike, limami yana nan, masu unguwanni suna nan, Baffa yana gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Aka shimfiɗa mini sharuɗɗa uku. In kira masu bikin in ce na janye sunana. In je gidan rediyon da ya karanta sunana in faɗa da bakina cewa labarin ƙirƙira ne, ba a taɓa sayar da ruwa a yankinmu ba. In durƙusa in ba Baffa haƙuri a gaban jama'a. In na yi haka, aka ce, za a duba maganar makulli. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tayar mini da hankali, domin da ita suka tabbatar da bakinsu cewa makullin bai ɓata ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ruwan ba a hannun mutum yake ba, ta yaya haƙurina zai buɗe shi? Kun ce in je rediyo in ce ba a hana kowa ruwa, ga gonaki bakwai can suna ƙonewa yau ɗin nan. Ba zan faɗa ba." Limami ya ce in ji tsoron Allah in tuna alherin da mutumin nan ya yi mini. Na ce ina tunawa, amma aure ya ba ni, bai saye bakina ba. Dagaci ya ce tunda taurin kai na zaɓa in tashi in ba su wuri.

Har gobe ina nan a kan abin da na faɗa a zauren nan. Inda na yi kuskure shi ne na haɗa sharuɗɗan uku na yi watsi da su gaba ɗaya. Akwai haƙurin da Baffa yake bi na, na sani, amma na ga in na durƙusa a kan abu ɗaya za a ce na durƙusa a kan duka. Ga kuma wani abin da sai yanzu nake iya faɗa, ina son zuwa bikin nan. Ina son in ji an kira sunana. Mahaifiyata ta zo har gida ta zauna a tsakar gida ta yi ta yi mini magana, ta ce ba ta haife ni don in zama abin nuni ba, in rufa mata asiri in janye. Na ce mata Inna ki yi haƙuri, komai kika ce zan yi ban da ƙaryata abin da idona ya gani. Ta tashi ta tafi ba ta sha ko ruwa ba.

Ranar biki na sa babbar rigata ta sallah, na hau bas daga Kura zuwa Kano, daga tasha na shiga adaidaita sahu har ƙofar otal ɗin. Sai da na nuna katin gayyata sau biyu kafin masu gadi su bar ni. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, fitilu ta ko'ina, sanyi kamar an buɗe firji, ga mutanen da na saba gani a talabijin suna wucewa ta gabana suna ƙamshi. Babu wanda ya san ni. Aka zaunar da ni a layi na huɗu kusa da wasu mata biyu masu gwala-gwalai. Aka yi ta kiran rukuni-rukuni, masu waƙa, masu ɗaukar hoto, masu rubuta labari, wanda ya ci ya hau ya gode wa Allah da iyayensa, wanda bai ci ba ya yi tafi da murmushin dole. Da aka zo kanmu aka fara nuna guntayen fitowarmu a wani ƙaton majigi. Nawa ne na huɗu.

Na ga fuskata ta cika bango. Bazawarar tana roƙon ruwa, tana cewa marayu gare ta, na duba gefe da gefe na ga mutane suna danna waya suna hira. Na cire hula na leƙa, aka ɗan yi dariya kaɗan. Na ce ruwa na Allah ne, babu wanda ya motsa, domin babu wanda ya taɓa tsayawa a bakin busasshen kanal aka gaya masa haka. Sai na juya na ja ƙafa. Ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauka da dariya da tafi. Ɗaya daga cikin matan da ke kusa da ni ta miƙo ƙafarta tana gwada wa 'yar uwarta yadda ake yi. Mai gabatarwa, da zai koma wajen lasifika da ambulan a hannunsa, shi ma ya ja ƙafarsa ta hagu, aka sake fashewa. Na rasa tumatirina, matata tana gidansu, mahaifiyata tana fushi da ni, duk ina gaya wa kaina cewa don gaskiyar manoma nake shan wannan. Ga shi a gabana abin da ya iso birni ba maganar ruwa ba ce. Gurguwar ƙafar wani tsoho ce ta iso, kuma ni na ɗauko ta na kawo.

Ban ci ba. Wani dattijon ɗan wasa ne ya ci, wanda ya fito a matsayin uban da ke jinyar ɗansa, kuma ya cancanta, na tafa masa da zuciya ɗaya. Da aka tashi ya ratso mutane da kyautarsa a hannu ya zo ya ba ni hannu. Ya ce aikina ya yi kyau, abin hular nan ba a koyar da shi a ko'ina. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ƙafar ta wace ce, domin shi ya san ba a ƙirƙiro irin wannan tafiya, sai dai a ɗauko ta a jikin wani. Na ce ta surukina ce. Ya ɗan riƙe hannuna, ya wuce. A bakin ƙofa darakta ya tare ni da wani furodusa, suka ce akwai fim mai dogon zango da suke so in shiga, sharaɗin kawai in zo da tafiyar nan, don ita mutane suke so. Na ce musu tafiyar ba tawa ba ce, ba kuma ta sayarwa ba ce. Furodusan ya ɗauka ciniki nake ja, ya ba ni katinsa. Na bar shi a kan kujerar bas.

Washegari da hantsi na tafi ƙofar gidan Baffa, lokacin da na san mutane suna zaune a dakalinsa. Na cire takalmi na durƙusa a ƙasa a gaban kowa. Na ce masa Baffa na zo neman gafara a kan ƙafarka, ba kai ka ɗora wa kanka ba, wajen neman halal ka same ta, ni kuma na mayar da ita abin wasan yara, babu wanda ya sa ni, darakta bai san ka ba, ni na zaɓa. Na ce duk abin da ya ga dama ya yi mini a kan wannan na karɓa. Na ga mutane sun fara gyaɗa kai, wani har ya ce alhamdulillahi. Sai na ƙarasa. Na ce amma maganar ruwa da maganar hula ban janye ko kalma ɗaya ba, kuma ba zan janye ba, domin wannan shi ya zaɓa da kansa, kuma yau kwana ashirin ke nan layinmu a bushe. Baffa ya ce ƙafar ya yafe, saboda 'yarsa da ke cikin gida tana kuka kullum. Sauran kuma, ya ce, tunda na zaɓi mu zama abokan shari'a, to mu zama.

Muka zama kuwa. Lokacin tumatirin layinmu ya riga ya tafi, mutum shidan nan ba su da sauran abin da za su lallaɓa. Dattijon nan maƙwabcina, ɗaya daga cikinsu, shi ya bi sauran gida-gida, ya ce musu sun yi shiru shekara goma don kada a rufe musu ruwa, ga shi an rufe, to shirun na mene ne kuma. Muka rubuta takarda muka sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba suka dangwala, muka kai ofishin hukumar ruwa. 'Yan ƙarshen wasu layukan suka ji suka biyo mu. Sai da muka yi sawu ya fi biyar kafin a turo jami'i a yi taro. Ba a tuɓe Baffa ba, ya ƙara shekara biyu a kujerarsa, alhazan sama kuma ba a ce musu komai ba. Abin da muka samu shi ne aka sa wa ƙofar kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun shugaba, ɗaya a hannun wanda 'yan ƙarshen kanal suka zaɓa, aka kuma rubuta ranakun kowane layi da fenti a jikin siminti inda kowa zai gani. Har yanzu ana yin coge, amma sai mutum biyu sun haɗa baki, kuma ɗayan a cikinmu yake kwana yana tashi.

Matata ta dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ba mu taɓa kallon fim ɗin tare ba, ta kuma hana 'ya'yanmu kallonsa, ban musa mata ba. Maganar yara masu jan ƙafa sai da na bi iyayensu gida-gida, wani saurayi kuma da na kama yana yi a bakin kasuwa na shaƙe masa wuyan riga a gaban abokansa, daga nan abin ya ragu, ko da yake bai mutu gaba ɗaya ba, tunda guntun yana nan a wayoyi ba ni da ikon goge shi. Baffa yana amsa gaisuwata, amma tun daga ranar bai sake taka gidana ba. Da muka samu ƙaruwa matarsa ya turo. Na sake fitowa a fim biyu ƙanana, babu wanda aka sake kiran sunana a kansa, ban kuma damu ba. Noma nake yi.

Abin da nake so in gaya wa matasa masu sha'awar fim, da ma duk mai waya a hannu yana ɗaukar mutane yana watsawa, shi ne ku rarrabe tsakanin abin da mutum ya aikata da abin da Allah ya ɗora masa. Na farko ku nuna shi ko da mutumin surukinku ne, ko da za a tara muku dagaci da limami. Na biyu kada ku taɓa shi, komai yawan tafin da za a yi muku, domin masu tafin za su koma gidajensu su manta, ku ne za ku koma garin da mutumin yake tafiya a titi. Kuma ku sani cewa in kun haɗa su biyun, abin dariyar ne zai yi nisa, gaskiyar a bar ta a baya. Ni sai da na je gaban manyan 'yan fim na ƙasar nan na zauna a layi na huɗu kafin na gane wannan, alhali matata ta gaya mini a bakin tabarma.

Har yau akwai masu kirana butulu a garinmu, suna cewa an ba ni mata na saka da tonon asiri. Ina jin su. Na durƙusa sau ɗaya a kan abin da na yi ba daidai ba, a gaban jama'a, ba tare da an kama ni an kai ni ba, kuma in Baffa ya so in sake durƙusawa a kan wannan gobe zan sake. Masu jiran in durƙusa a kan maganar ruwa kuwa, ina ba su shawara su nemi wani aikin, domin shekarun da suka rage mini ba za su ishe su jira ba.

Wassalam. Daga wani manomi a ƙarshen kanal.